Baba ya ɗauka zayyana nake karantawa, ni kuwa yumɓu nake kwaɓawa

Assalamu alaikum Anti,

Ni ɗaliba ce 'yar shekara 21, ina aji uku a sashen zane da ayyukan hannu na jami'a. Tun farko Babana bai so wannan karatun ba. Da ƙyar ya amince, bisa sharaɗin idan lokacin zaɓen fanni ya yi zan ɗauki zayyanar kwamfuta, don a ganinsa ita kaɗai ce mutum zai ci abinci da ita. Har kwamfuta ya saya mini, kuma na san abin da ya hana kansa kafin ya saya, domin ya kusa ritaya, ga ƙannena uku a makaranta.

A shekara biyun farko an zagaya da mu kowane fanni: zane, fenti, sassaƙa, rini, zayyana da aikin yumɓu. Ranar da na fara zama gaban faifan gini, wato faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa, sai da aka zo rufe ɗakin kafin na san yamma ta yi. Da aka zo zaɓe sai na rubuta yumɓu da tangaran, na koma gida na ce wa Baba zayyana na ɗauka. Zango guda ke nan. Mama ta gane daga faratana da tufafina. Ta yi kuka, ta ce in yi shiru har in gama, kada ransa ya ɓaci. Duk ranar da ya ce mini "yaya kwamfutar, tana aiki?" sai in kasa kallon idonsa.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne zaman sharhin ƙarshen zango. Cikin ayyuka 12 da na sa a wuta, 5 sun fashe. Malaminmu ya ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira a gaban kowa, ya ce gindinta ya yi nauyi, ya ce ina da so amma har yanzu ba ni da hannu. Ƙawata da ta ɗauki zayyana kuwa tuni ta fara samun 'yan kuɗi da zana wa mutane tambari. Yanzu saura mako uku a rufe damar sauya fanni. Zuciyata tana ce mini in lallaɓa in koma zayyana, ƙaryar ta zama gaskiya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Wata zuciyar kuma tana cewa in na bar yumɓu na bar kaina. Anti, me zan yi?

Taki,
Mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yata,

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce ba kya iya kallon idon Babanki. Wata huɗu kina ɗauke da wannan kaya, kina murmushi a gida kina kwaɓa yumɓu a makaranta, kina jiran ranar da wani zai ce miki kin yi daidai. Ranar ta zo, sai mutumin da kike jira ya ɗaga tukunyarki a bainar jama'a ya ce ta yi nauyi. Dole jikinki ya yi sanyi, kuma ba na ganin laifinki a kan wannan sanyin jiki. Sai dai kin tattara tambayoyi uku kin ƙulle su wuri guda: ko kina da hannu, ko sana'ar za ta riƙe ki, da kuma yadda za ki yi da abin da kika faɗa wa Baba. Komawa zayyana a asirce ya yi miki kama da mafita ne saboda yana binne dukkan ukun ba tare da kin amsa ko ɗaya ba.

Bari mu fara da tukwanen, tunda su ne suka karya miki gwiwa, kuma su ne suka fi sauƙin bayani. Ɗanyen yumɓu cike yake da ruwa. Yana bushewa yana tsukewa, a wuta ya ƙara tsukewa, ta yadda daga jiƙaƙƙe zuwa gasasshe yakan ragu da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100, gwargwadon irin yumɓun. To idan bakin tukunya siriri ne gindinta kuwa mai kauri, bakin zai riga bushewa ya tsuke alhali gindin yana nan da ruwansa. Wannan ja-in-ja shi ke haifar da tsaga, sau da yawa irin wadda ido ba ya gani sai wuta ta buɗe ta. Idan kuma aka sa ta a matoya, wato wurin gasa tukwane, da sauran danshi a gindin, da zafi ya kai digiri 100 na ma'aunin Salshiyas ruwan zai zama tururi, ya nemi ƙofa ya rasa, sai ya yi wa kansa ƙofa. Akwai ma wani mashigi a wajen digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, in ana hucewa kuma su koma. Duk wanda ya yi wa wuta gaggawa a nan, a hawa ko a sauka, ya yi asara.

Kin ga ke nan nauyin gindi da fashewar ciwo ɗaya ne, kuma ciwon 'yan koyo ne. Da wuya ki samu maginin da bai yi shi ba. Maganinsa ma sananne ne, sai dai yana da gundura. Ki auna curin yumɓu daidai wa daida, a ce giram 500 kowanne, ki gina miƙaƙƙen kofi, ki danne gindinsa sosai da yatsa tun yana kan faifai, sannan ki ɗauki waya ki tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa ki dubi kaurin bangonsa. Ki mayar da yumɓun cikin bokiti, tunda wanda bai shiga wuta ba ana sake jiƙa shi a yi aiki da shi. Ki sake ginawa, ki sake tsagawa. Goma a rana. Za ki ji zafin yanka abin da kika gina, amma a kofi na hamsin yatsunki za su fara sanin kauri ba sai ido ya gaya musu ba. Waɗanda kika zaɓa ki ajiye kuwa ki rufe su da leda su bushe a hankali, ki kife su in baki ya yi ƙwari. Kuma ki tambayi abokan karatunki ko nasu ma sun fashe a wannan gashin. Idan na mutane da yawa sun fashe, to rabin laifin na yadda aka hura wutar ne, kina ta ɗaukar zunubin da ba naki ba.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta komai: wane yumɓu, kwana nawa ya bushe, wane wuri ya zauna a matoya, me ya fito. Josiah Wedgwood, wanda ya kafa masana'antar tangaran a Ingila a 1759, haka ya yi ta rubuta dubban gwaje-gwaje, mafi yawansu ba su yi kyau ba. Wannan tsukewar yumɓu da ta sa ki kuka, ita ya lura da ita ya ƙirƙiro ma'aunin zafin matoya, har aka shigar da shi ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila a 1783.

Malaminki kuwa, ba zan wanke shi fes ba. Ana iya faɗin gaskiya ba tare da an sa ɗaliba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige ba. Amma zaman sharhi a gaban kowa ginshiƙi ne na karatun zane a ko'ina, kuma in kin koma zayyana za ki same shi yana jiran ki, bayan makaranta kuma mai saye zai yi miki nasa sharhin ba tare da sallama ba. Ki sake duba kalaman da kika rubuto mini da hannunki. Ya ce "har yanzu" ba ki da hannu. Ke kika share waɗannan kalmomi biyu a zuciyarki kika riƙe sauran. Ki same shi shi kaɗai a ofis, da kofi guda da kika tsaga, ki ce: "Malam, me zan gyara a wata ɗaya, kuma a ganinka in na dage zan kai inda ake buƙata kafin aikin ƙarshe?" Malamin da ya ga ɗaliba ta dawo da tsagaggen kofi a hannu yakan sauya murya. In kuwa ya ci gaba da gatsali ba tare da ya nuna miki komai ba, sai ki nemi ra'ayin wani malamin ko mai kula da matoya, wanda sau da yawa ya fi kowa sanin wane ɗalibi ne ke ci gaba.

Kin san Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20. Tun tana yarinya ta koyi gini a wurin 'yar'uwar iyayenta, kuma ta riga ta shahara da randunanta kafin 1954, lokacin da ta shiga cibiyar koyar da aikin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau. Ita ce mace ta farko a wurin. Gwana ce da Sarkin Abuja ke sayen aikinta, amma ta zauna gaban faifai ta koma 'yar koyo, ta koyi juyi da shafa ruwan ƙyalli, wato ruwan da ke sa tangaran sheƙi bayan gashi, da gashi mai tsananin zafi. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Na kawo ta ne don ki ga cewa zango ɗaya bai isa a yanke wa hannu hukunci ba. Kada ki ɗauke ta ki kai wa Babanki a matsayin hujjar cewa yumɓu na kawo arziki, domin zai ce miki Ladi Kwali nawa aka yi, kuma ya fi ki gaskiya.

A nan ne nake so ki zauna a kujerar Baba na ɗan lokaci. Mutum ne da ya ga ƙarshen albashinsa yana tahowa, ga yara uku a bayanki. Da ya ce zayyana, lissafi ya yi, kuma lissafin nasa ba na banza ba ne. Mai zayyana da ta gama makaranta tana buƙatar kwamfuta, wuta da intanet, shi ke nan ta buɗe shago a ɗakinta. Ke kuwa kina buƙatar yumɓu, wurin kwaɓa shi da shanya shi, faifai, sinadaran ruwan ƙyalli, da uwa uba matoya. Gashin farko kaɗai yana neman zafin digiri 900 zuwa 1,000, kayan da ake so su yi ƙarfi su daina tsotsar ruwa kuwa sai an kai su 1,200 zuwa 1,300, ga kuɗin gas ko lantarki ko itace a kowane gashi. Yanzu makaranta ce ke ɗauke miki wannan nauyin, shi ya sa ba kya jin sa. Ranar da kika karɓi takardar shaida, ranar ce matoyar za ta rufe miki ƙofa. Ɗalibai da yawa masu hannu sun bar yumɓu a daidai wannan gaɓa, hannunsu lafiya lau, wurin gashi suka rasa. Don haka tambayar da ta fi "ina da baiwa?" muhimmanci ita ce: wata guda bayan na gama, a ina zan gasa aikina, da kuɗin wa?

Ita ma zayyanar ba aljanna ba ce. Saboda shigarta na da sauƙi, cike take da jama'a, kuma manhajojin da ke fitar da tambari da fosta cikin daƙiƙa sun karya darajar ƙananan ayyuka irin waɗanda ƙawarki ke samu yanzu. Wadda za ta daɗe a can sai ta yi zurfi, kuma zurfi ba ya samuwa ga wadda zuciyarta ke wani ɗaki. Ina taya ƙawarki murna, amma kada ki auna tafiyarki da tata. Aikinta ana gama shi a dare ɗaya a tura ta waya, naki kuwa kofi ɗaya na iya cin mako biyu ko uku daga curi zuwa fitowa daga wuta ta biyu.

Abin da ku duka biyun, ke da Baba, kuka yi kuskure a kai shi ne ɗaukar fannonin nan kamar kishiyoyi. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a garin Weimar na Jamus a 1919, wadda tsarinta na zagaya da sababbin ɗalibai a darasin share fage ya bazu zuwa makarantun zane na duniya, a zamaninta tana da nata ɗakin gina tukwane, inda ake ƙera samfurin da masana'anta za ta iya yin irinsa da yawa. Duk faranti, tayil da bahon wanke hannu da kika gani, wani ne ya zayyana shi kafin a yi masa mazubi. Sannan ga Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi a 1950. Zayyana ce ta kai ta Ingila a 1971, a can ta karkata zuwa yumɓu, ta kuma je waccan cibiya ta Abuja ta ga yadda ake gini da hannu. Yau tukwanenta suna manyan gidajen tarihi na duniya. Amma ki lura, shekaru masu yawa ta yi tana koyarwa a gefe. Haka mafi yawan masu wannan sana'a suke, da ƙafa biyu suke tsayawa: ɗaya a yumɓu, ɗaya a koyarwa, ko zayyana, ko aikin masana'anta.

Kwamfutar da Baba ya saya ba ta zama asara ba ke nan. Maginiyar wannan zamani tana buƙatar ɗaukar hoton aikinta da kyau, ta tsara kundin ayyukanta, ta zana siffar abu kafin ta gina, ta tsara adon tayil, ta yi wa kanta tambari da kwali. In kin riƙe hannunki a zayyana, ko da darasi ɗaya ne a kowane zango, kina da abin da zai ciyar da ke a shekarun da kike tara kuɗin matoya. Hanyoyin samu a yumɓu kuwa na gaske ne, ko da yake ba sa zuwa da gudu: kayan tebur, tukwanen shuka, tayil na ado, ƙera mazubi da samfuri a masana'antar tayil ko kayan banɗaki, koyarwa a makaranta, shirya darasi ga masu sha'awa, da haɗa kuɗi da abokai a riƙe matoya ɗaya. Abu guda zan ja miki kunne. Za ki ji ana cewa da tangaran ake yin maƙalan wayar lantarki da haƙoran roba da sassan injina. Gaskiya ne, amma wannan layin injiniyoyi da masu kimiyyar sinadarai ne. Kada ki yi wa Baba alkawarin aikin da digirinki ba zai kai ki ba. Ƙarya ɗaya ta isa.

To ga abin da nake so ki yi, kuma gobe za ki fara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je ofishin sashenku ki samo amsoshi a rubuce: ainihin ranar da za a rufe sauyi, ko sauyin zai ja miki ƙarin zango tunda kin rasa darussan zayyana na zangon da ya wuce, ko ana barin mai karanta yumɓu ta ɗauki darussan zayyana na zaɓi, da kuma abin da ake rubutawa a takardar shaida. Wannan na biyun ki riƙe shi da kyau. In sauyin zai ƙara miki zango, ƙarin kuɗin makaranta ne daga aljihun Baba, kuma shirinki na ba wanda ya ji ba wanda ya gani ya rushe tun daga nan. Bayan haka ki nemi mutum uku da suka gama fanninku shekara uku zuwa biyar da suka wuce. Ki tabbata akwai wanda ya bar sana'ar a cikinsu, domin shi ne zai gaya miki abin da sauran za su ɓoye. Ki tambaye su inda suke gashi, abin da aka fi saye, da abin da ya riƙe su a shekarar farko.

Sannan ki yi wa kanki jarrabawa ta kwana goma da kofunan nan da na gaya miki. Ranar farko da faifai ya ɗauke miki hankali daɗi ce, kowa na son ta. Sana'ar kuwa mafi yawanta kwaɓa ce, da wanke bokiti, da ciwon baya, da jira. In bayan kwana goma na yanka aikinki da hannunki har yanzu ƙafarki na ja ki zuwa ɗakin nan da sassafe, kin samu amsar da ba malamin da zai ba ki. In kuwa kin ji kin gundura, wannan ma amsa ce, kuma ba abin kunya ba ce. Tunda za ki daɗe a ɗakin, bari in sako wannan: ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta yi lahanin da ba ya warkewa. Kada ki share ɗakin da tsintsiya a bushe, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, ki sa takunkumi mai kyau in kina haɗa garin ruwan ƙyalli, kuma duk abin da za a ci ko a sha a ciki kada dalma ta kusance shi.

Yanzu sai babbar maganar. Ki gaya wa Babanki, kuma ki gaya masa da sauran aƙalla kwana goma kafin a rufe sauyi. Lokacin yana da muhimmanci ƙwarai. In kin bari sai an rufe, kin je masa da sanarwa ne, kin sake ƙwace masa ta cewa karo na biyu. In kin je ƙofa tana buɗe, kin mayar masa da abin da kika ɗauke, wato damar ya sa baki a karatun da yake biya. Ko da kin yanke shawarar komawa zayyana, sai kin faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga takardar sakamako da ke ɗauke da sunan kowane darasi, ga bikin nunin ayyukan ƙarshe, ga abokan karatu da ba su san sirri ba ne. Kuma ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ke kin sani, kuma kin riga kin gaya mini yadda sanin ke hana ki ɗaga ido.

Kafin ki je gare shi, ki fara da Mama. Shawarar da ta ba ki ta tsoro ce da ƙauna, amma ta jefa kanta cikin hatsarin da ya fi naki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: ranar da Baba ya gano da kansa, zai iya yafe wa yarinta, amma zai daɗe yana jin ciwon cewa matarsa ta sani ta rufe shi. Ki zauna da ita ki ce, "Mama, ba na so ki ci gaba da ɗaukar laifina. Zan faɗa masa da bakina, ki taya ni zaɓen lokaci." Ita ta san sa'ar da yake da sauƙin kai. In ya tambaya ko ta sani, ki faɗi gaskiya: daga baya ta gane, ta ji tsoron ɓacin ransa, laifin naki ne tun daga tushe. In akwai wata larura ta lafiya da ke sa Mama fargaba, ku yi la'akari da ita wajen zaɓen lokaci da lafazi, ba wajen fasa maganar ba.

Ki raba maganar zama biyu. Zaman farko na ban haƙuri ne kawai. "Baba, na yi maka laifi. Na ce maka zayyana na ɗauka, alhali yumɓu na ɗauka. Tsoro ne ya sa, amma bai kamata ba. Har yanzu akwai damar sauyawa, shi ya sa na zo yanzu." Daga nan ki kama bakinki. Kada ki kawo Ladi Kwali, kada ki kawo Jamus, kada ki ce ai shi ya matsa miki. Zai yi faɗa, ko ya yi shirun da ya fi faɗa ciwo. Ki jure, haƙƙinsa ne. Bayan kwana biyu ko uku, in ƙura ta lafa, ki nemi izinin nuna masa abin da kika tattara. A zama na biyun ki zo da ayyukanki uku mafi kyau, da tsagaggen kofin ranar farko da na rana ta goma a jere, da amsoshin ofis, da abin da tsofaffin ɗaliban suka gaya miki har da marar daɗin, da takarda ɗaya mai nuna yadda za ki riƙe zayyana a gefe da inda kike sa ran yin gashi bayan makaranta. Gani ya kori ji. Uban da ke tsoron 'yarsa za ta ƙare hannu rabbana, lissafi a takarda ne ke kwantar masa da hankali, hawaye ba sa yi.

Zai iya amincewa da sharaɗi, misali ki ci gaba da darussan zayyana, ko ki fara ɗaukar nauyin kayan aikinki da kanki. Ki karɓa hannu bibbiyu, ki ma riga shi kawo sharaɗin. Zai iya kuma tsayawa kan bakansa ya ce zayyana ko ba komai. In haka ta faru, bayan kin yi bayani cikin ladabi, kuma wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki bai sauya ba, shawarata ki koma zayyanar da zuciya ɗaya, ki ɗauki yumɓu a darasin zaɓi, ki roƙi mai kula da ɗakin ya bar ki kina shiga a lokacin da ba ki da aji. Shi ke biya, kuma da alkawari kika shiga. Yumɓu ba ya tsufa a jira ki, mutane da yawa sun shige shi bayan sun yi wani digirin, kuma za ki zo masa da idon mai zayyana. In kuwa fushi ya kai shi ga cewa ya janye hannunsa daga karatun baki ɗaya, kada ki mayar da martani a ranar, kada ki bar gida, kada ki ajiye karatu. Irin wannan furuci na zafin rai yakan sauka in an ba shi kwanaki, musamman in ya ga kin zo da kanki ba kama ki aka yi ba.

In kin tambaye ni inda zuciyata ta karkata, zan ce yarinyar da aka zo rufe ɗaki ba ta san yamma ta yi ba, ban so ta bar yumɓu saboda tukwane biyar da kalma ɗaya ta malami. Na fi son ta zauna a fanninta da yardar mahaifinta, ta riƙe kwamfutar nan a matsayin ƙafa ta biyu. Amma wannan sai kofunan kwana goma sun ba da shaida, sai kuma Baba ya ji daga bakinki. Tun ran gini tun ran zane, 'yata, kuma naki yumɓun bai bushe ba tukuna, saura mako uku. Gobe da safe ki fara da ofishin sashe, ki tafi da biro da takarda, kada ki yarda da amsar baka. In kun yi zaman farko da Baba ki rubuto mini yadda ta kaya, sai mu duba takardar lissafin tare kafin ki kai masa.

Taki,
Anti